Dasa giya biyar a tsohuwar Fijo: Wa ke cin riba, wa ke tafka asara?

Duk wanda ke cin kasuwannin bakin iyaka, tun daga Kamba da Gaya a yamma har zuwa Maigatari da Dungas a gabas, ba ya bukatar a yi masa bayanin motar nan Peugeot 504, wadda mutanenmu suka fi sani da Fijo. Gaskiya ne motocin Japan da na Jamus sun ƙwace mata manyan tashoshi, amma har gobe idan mutum ya leƙa bayan kasuwa ranar Lahadi a Illela ko Jibiya, ko ranar Alhamis a Maigatari, da wuya ya rasa ganin akori-kurarta, wadda a ɓangaren Nijar ake kira bashe, ta durƙusa da buhunan gero ko wake ko albasa, yaron mota yana ta faman ɗaure igiya. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun girmi direbobin da ke tuƙa su.

Abin da ya sa muka ɗauko zancenta a yau shi ne wata shawara da ke yawo a garejoji da tashoshi tun da man fetur ya yi tsada, wato a sauke tsohon akwatin giya mai lamba huɗu a ɗora mai lamba biyar, domin mota ta rage shan mai, ta kuma daina kuka a kan kwalta. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, kuma akwai waɗanda ta yi wa rana. Sai dai ba kowace mota ce ke amfana ba. Ɗan kasuwar da ya miƙa motarsa aka yi mata wannan aiki ba tare da ya duba irin hanyar da take bi da irin kayan da take ɗauka ba, yana iya wayar gari ya ga kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Yadda aka zo nan

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 ne a shekarar 1968. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, gasar da ake yi a kan jar ƙasa da taɓo da duwatsu. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, wato fiye da shekara 20 bayan an daina ƙera salun ɗinta a Faransa. Sama da 400,000 aka harhaɗa a Nijeriya kaɗai. Wannan ne ya sa kayan gyaranta suka cika ko'ina, kuma da wuya a sami garin da babu makanikin da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

A zamanin da aka zana motar, giya huɗu ita ce ƙa'ida, kuma a wannan yanki namu an daɗe ba a damu da abin da mota ke sha ba, tunda mai yana da araha. Idan mai karatu bai manta ba, ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, inda cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Zafin bai tsaya a Nijeriya ba. Duk da cewa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram tana aiki tun 2011, direbobi da dama a Maraɗi da Ƙonni da Magarya sun saba da shan man 'yan ruwa-ruwa da ke tsallakowa daga Nijeriya, saboda haka da ya yi tsada can, sai ya yi tsada nan ma.

Bugu da ƙari, jarin 'yan kasuwa ya sha bugu sau biyu cikin 'yan shekaru. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamba 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Ba a gama farfaɗowa ba aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, har zuwa Maris 2024. Mutumin da a da yake shirin sayar da tsohuwar akori-kura ya sayi Hilux, sai ya koma yana tunanin yadda zai lallaɓa ta ta ƙara masa wasu shekaru. Daga nan maganar giya biyar ta samo kasuwa.

Abin da lamba biyar take yi, da abin da ba ta yi

Akwatin giya, wanda makanikan Nijeriya ke ce wa giyabos, na Nijar kuma bwat, aikinsa shi ne daidaita juyin inji da juyin taya. A lamba ɗaya inji yakan juya fiye da sau uku da rabi kafin sandar furofela ta juya sau ɗaya, shi ya sa mota ke iya tashi da kaya mai nauyi. Yayin da ake hawa lamba, bambancin yana raguwa, har a lamba huɗu su zama kunnen doki: inji ya juya sau ɗaya, furofela ta juya sau ɗaya. A tsohuwar Fijo nan aka tsaya. Duk gudun da direba yake so bayan haka, sai dai ya ƙara taka totur, inji ya ƙara ihu.

Lamba biyar ita ce ke juya lamarin, furofela ta riƙa fin inji sauri. Inji zai juya sau takwas da 'yan kai, furofela ta juya sau goma. Idan a lamba huɗu injin yana juyi 3,500 a minti ɗaya, da an saka lamba biyar a wannan gudun dai, juyin zai sauko zuwa wajen 2,900. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, baƙin mai ya daɗe bai ƙone ba, fistin da zobbansa su sami sauƙin gogayya, sannan mai ya ɗan ragu. Iyakar amfaninta ke nan, kuma ba ƙaramin amfani ba ne ga mai doguwar tafiya.

To amma akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare, inda wasu masu motoci ke ɗauka cewa ƙarin lamba ƙarin ƙarfi ne. Ba haka ba ne. Lambobi huɗun farko na sabon akwatin kusan daidai suke da na tsohon, saboda haka motar da ke nishi da buhu 15 a yashi za ta ci gaba da nishinta. Lamba biyar ma ita ce mafi rauni a wajen ja. Inji mai cc 1,796 ko 1,971 da ke cikin akasarin 504 masu shan fetur ba zai zama na tirela ba don an canza masa akwati. Direban da ya saka lamba biyar da cikakken lodi a kan hawa, ko yana tafiyar kilomita 50 a awa, zai ji injin yana ƙwanƙwasa yana karkarwa, ya danne totur har ƙasa motar ba ta amsa ba. A wannan hali mai ya fi tafiya, injin kuma yana cin kansa daga ciki, ga famfon ruwa yana juyi a hankali a daidai lokacin da ake bukatar sanyaya.

Akwatin da ya fito daga gida ɗaya

Hanya mafi sauƙi, kuma a ganina mafi hankali, ita ce a nemi akwati daga dangin motar. Akwatin 504 mai lamba huɗu sunansa BA7. Kamfanin ya yi masa ƙane mai lamba biyar, BA7/5, wanda aka fi samu a Peugeot 505, motar da ta fito a 1979, da kuma wasu 504 na baya-baya da suka zo da shi tun daga masana'anta. Akwai kuma BA10/5, wanda ya fi girma da ƙarfi, da aka sanya wa masu manyan injuna. Tunda 505 da ƙafar baya take ja kamar yayarta, kuma an gina ta a kan tsari kusan iri ɗaya, aikin ba ya bukatar ƙirƙira mai yawa.

A nan ya kamata a ja kunnen masu motoci. Ba duk akwatin da aka rubuta wa Peugeot ne zai shiga ba. Motocin da suka biyo baya, irin su 405 da 406 da 306 da 307, da ƙafar gaba suke ja, injinsu a gicciye yake kwance, akwatinsu kuma a gefen inji yake tare da aksul a ciki. Haka Golf da Corolla ɗin da suka cika tashoshinmu. Ko kyauta aka ba ka irin wannan akwati, ba shi da wurin zama a ƙarƙashin 504.

Ko da an sami na 505 ɗin, akwai wurare uku ko huɗu da aikin yake tsayawa. Na farko shi ne ƙwaryar kuloci, wato ƙarfen nan mai kama da ƙwarya da ke haɗa akwati da bayan inji. Injin fetur na 504 a kishingiɗe yake sosai zuwa gefe guda, na gas kuwa kaɗan ya karkata, sannan wasu 505 sun zo da wani injin daban gaba ɗaya. Saboda haka ramukan noti ba sa faɗawa wuri ɗaya. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ƙwaryar tana kwancewa daga jikin akwatin, makaniki yana iya cire ta tsohon ya gwada a sabon, ya tabbatar sandar da ke shiga cikin faifan kuloci tsawonta da haƙoranta sun yi daidai.

Na biyu, kuma wanda ya fi cin rai, shi ne tsawo. Akwati mai lamba biyar ya fi mai huɗu tsawo, domin a bayansa aka ƙara ɗakin da lamba biyar ke zaune. A salun da wagon na 504, sandar furofela ba a fili take ba kamar ta Toyota. A cikin wani dogon bututun ƙarfe take, wanda ya taso daga wutsiyar akwati ya tafi har aksul na baya, kuma wannan bututu yana cikin abubuwan da ke riƙe da ƙafar baya a mazauninta. Idan akwati ya ƙara tsawo, dole bututun da sandar da ke cikinsa su ragu daidai gwargwado. Mai rabo shi ne wanda ya sami akwati da bututu da sanda daga mota guda mai irin jikin tasa. Wanda bai samu ba sai an yanke an haɗa, kuma wannan ba aikin mai waldar ƙofa da taga ba ne. Sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya ɗora a kan injinsa, ya tabbatar sandar ta miƙe sak, domin ƙarfen da ke juyi sau dubu uku ko huɗu a minti ɗaya, idan ya karkace ko da kaɗan ne, zai riƙa girgiza motar, ya cinye boris, ya fasa robar da ke tare mai, wata rana kuma ya tsinke a tsakiyar hanya. Wutsiyar akwatin ma iri-iri ce, gwargwadon jikin motar da aka ciro shi, don haka mai akori-kura kada ya sayi na salun da ka, sai makanikinsa ya ajiye su gefe da gefe ya auna.

Na uku shi ne sandar canza giya. Tsofaffin 504 da yawa, haka ma 404 da ta gabace su, a jikin sitiyari giyarsu take. Akwati mai lamba biyar kuwa a ƙasa ake sarrafa shi, ke nan sai an huda daɓen motar. Wannan ƙaramin abu ne a wajen makaniki, amma ga direban haya ba ƙarami ba ne, domin kowa ya san mutum nawa ake cusawa a gidan gaba ranar kasuwa, kuma sandar a daidai wurin ƙafar fasinjan tsakiya take fitowa. Ramin da aka huda kuma idan ba a rufe shi da roba ba, ƙura da hayaƙin salansa ta nan za su riƙa shigowa.

Sauran ƙanana ne: wayar maleji, wadda idan ƙaramin haƙorin da ke juya ta bai dace da aksul ɗin motar ba za ta riƙa faɗin gudun ƙarya, sai wayar fitilar ribas, sai robar mazaunin akwati.

Baƙon akwati

To, 505 ɗin ita ma ta tsufa. An daina ƙera ta a Turai tun farkon shekarun 1990, saboda haka akwatinta da ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Katako ta Yamai, ko Ladipo ta Legas, shi ma ya ga jiya ya ga yau. Wannan ne ke sa wasu su juya ga akwatin motocin Japan masu ja da baya, irin su Hilux da Hiace ko L200, waɗanda suka fi ƙuruciya, giyarsu ta fi laushin shiga, kayan gyaransu kuma suna nan a kowane shago.

Ana iya yi, amma aikin ya tashi daga sauyi ya koma ƙira. Akwatin Toyota bai san bayan injin Peugeot ba. Sai an yanko farantin ƙarfe mai kauri an huda shi fuska biyu, ɗaya ta kama inji, ɗaya ta kama akwati. Sai an nemo faifan kuloci wanda cibiyarsa ta dace da haƙoran sandar Toyota, faɗinsa kuma ya dace da murfin kulocin Peugeot. Sai an sassaƙa ɗan bushin da ke tsakiyar bayan inji, inda kan sandar ke shiga ya zauna. Sai an ƙera sabon mazauni a ƙarƙashin mota. Idan kuma mai bututu ce, an shiga wani babin, domin akwatin Japan ba shi da wurin da bututu zai kama, kuma ba a cire bututun haka kawai a bar ƙafar baya ba abin da ke riƙe da ita.

Babbar matsalar tana wurin saiti. Dole tsakiyar akwati ta fuskanci tsakiyar inji daidai wa daida, kuma kuskuren da masu ƙera akwatuna ke yarda da shi bai wuce kaurin takardar littafi ba. Farantin da aka auna da ido aka huda da wutar walda ba zai kai wannan matsayi ba. Motar za ta tashi, za ta yi tafiya, mai ita ya biya kuɗi yana murna. Bayan wata biyu ko uku sai giya ta fara fita da kanta, kuloci ya fara rawa, boris ɗin gaba ya fara kuka, a sauke a canza, a sake saukewa a sake canzawa, ana zargin kayan gyara alhali ciwon yana jikin farantin. Wasu makanikan saboda gudun wannan sukan ba da shawarar a ɗauko inji da akwatin Toyota a haɗe, a dasa gaba ɗaya. Ta fuskar saiti hakan ya fi, sai dai kuɗin ya ninka, kuma da zarar an canza inji an taɓa takardun mota, domin lambar inji tana cikin abin da ake rubutawa. Mai tsallaka iyaka kullum, wanda ke tsayawa gaban kwastan da duwan da jandarma, ya fi kowa sanin abin da bambancin lamba ɗaya ke jawowa.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan aiki da muke yi don neman abinci, a ƙasashen Turawa sha'awa ce ta masu hali. Akwai kamfanin Tremec da ke ƙera sababbin akwatuna masu lamba biyar da shida, ciki har da wanda ya fitar a 2020 mai suna TKX, waɗanda ake dasawa a motocin shekarun 1960 irin su Mustang da Camaro. A Ingila masu ƙaramar motar nan MGB, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980, sukan saka mata akwatin Ford Sierra ko na Mazda MX-5. Dalilinsu bai bambanta da namu ba, wato inji ya huta a kan babbar hanya. Bambancin shi ne su a kwali ake kawo musu komai, faranti da mazauni da furofela da notuna, an riga an auna da na'ura. Mu kuwa kwalinmu shi ne kan makaniki da hannun mai sassaƙa ƙarfe, shi ya sa zaɓen wanda zai yi aikin ya fi zaɓen akwatin muhimmanci.

A yi lissafi kafin a kwance noti

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya sai ya san inda ribarsa za ta fito, haka ya kamata ya yi wa wannan aiki. Kada ya dogara da abin da aka gaya masa a tasha. Ya cika tanki har baki, ya yi tafiyar da ya saba, ya dawo ya sake cikawa, ya rubuta lita nawa ta shiga da nisan da aka yi. Ya maimaita sau uku ko huɗu. Sannan ya tambayi direbansa tsakani da Allah: a cikin wannan tafiya, kilomita nawa ne motar ke tafiya a lamba huɗu, a kan kwalta mai kyau, da gudun da ya kai 80? Wannan yanki kaɗai ne lamba biyar za ta taɓa.

Mu ɗauki misali, ba don haka abin yake ga kowa ba. A ce mota tana jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram, kimanin kilomita 240, zuwa da dawowa 480, a kan babbar hanya ta ƙasa. A ce lamba biyar ta rage mata lita ɗaya a kowace kilomita 100. Ke nan kusan lita 5 a sawu ɗaya. Idan tana sawu uku a mako, an tsira da lita 14 ko 15, a shekara kuma wajen lita 750. Kowa ya buga da farashin lita a garinsu, a sefa ko a naira, ya gwada da kuɗin akwati da na aiki da na kwanakin da motar za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi ba. Ga irin wannan mota, lissafin yakan fita, balle a haɗa da tsawon ran da injin zai ƙara.

Haka nan akori-kurar da ke kai kaya Dawanau ko Sakkwato ta dawo wayam ko da ɗan kaya marar nauyi. Irin waɗannan motoci an yi aksul ɗinsu ne domin ja, shi ya sa ko babu kaya injinsu ke ihu tun gudu bai kai ko'ina ba. A sawun dawowa lamba biyar tana yi musu amfani ƙwarai.

Amma motar da aikinta shi ne kwaso hatsi da dabbobi daga kasuwannin ƙauye, kilomita 30 ko 40 a cikin yashi da kwazazzabai, wadda yini guda ba ta wuce lamba uku ba, ita kam ba ta da abin yi da lamba biyar. Mai irin wannan mota da zai kashe rabin kuɗin a kan gyaran kafireta da filogi da matatar iska, ya daidaita iskar taya, ya duba birkin da ke kamawa, ya rage lodin da ya wuce kima, da ya fi ganin canji a aljihunsa. Kafiretar da ta lalace tana zubar da man da babu akwatin da zai iya maido shi.

Akwai kuma wani lissafin da ba na kuɗi ba. Motar da ta daina kuka tana yaudarar direba, ya riƙa jin kamar a hankali yake tafiya alhali ya ƙure maleji, musamman idan malejin ma ƙarya yake faɗa. Nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya idan an taka birki a gudun 110 ya kusa ninka wanda take bukata a gudun 80, kuma a lamba biyar inji ba ya taimakawa sosai wajen riƙe mota idan an ɗaga ƙafa. Wagon da akori-kura birkin ganga ne a ƙafafunsu na baya, ga lodi, ga tayoyin da akasari 'yan gwanjo ne, ga shanu da jakuna da amalanke a kan hanya. Duk wanda zai ƙara wa tsohuwar mota lamba, to ya haɗa da kuɗin birki da taya a cikin kasafin. Sannan a 'yan shekarun nan, a hanyoyin da ke ratsa yankunan Jibiya da Madarunfa da Sabon Birni, lalacewar mota da almuru ba asarar kaya kaɗai take jawowa ba, don haka aikin kame-kame a kan furofela ba wurin neman araha ba ne.

Idan za a saya

Sayen tsohon akwati kamar sayen kifi a ruwa ne, amma akwai abin da ake iya gani tun yana ƙasa. A je da makanikin da zai yi aikin, ba ɗan kamasho ba. A saka kowace lamba da hannu, a juya sandar gaba, a ji ko tana tafiya sumul ko tana ƙugi. A sa alli a yi wa sandar gaba da ta baya alama: a lamba huɗu tare za su juya, a lamba biyar ta baya za ta wuce ta gaba. Da wannan kaɗai mutum zai tabbatar mai lamba biyar ɗin aka ba shi. A girgiza sandar gaba a ji ko ta yi lako-lako. A kwance notin zubar da mai a tara a farin kwano. Idan man yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, zobban tagulla da ke daidaita shigar giya sun cinye, idan kuma da ɓarɓashin ƙarfe, haƙora ne ke karyewa. A duba jikin akwatin ko akwai tsaga ko tabon walda da aka shafe da baƙin mai. A yi ciniki a gaban shaidu cewa idan an ɗora bai yi ba za a mayar, a kuma karɓi rasit, musamman idan za a tsallaka iyaka da shi.

Bayan an ɗora, maganar mai ce ke kashe akwatuna da yawa. Wasu sukan ɗura masa mai kaurin nan na aksul, lamba 140, wai don ya rage ƙara. Ƙarar takan ragu, amma giya ta yi tauri da safe, man kuma ba ya saurin kai wa lungunan da ake bukata, ga shi lamba biyar a can ƙarshen akwati take, ita ce ke fara jin ƙishi idan mai ya yi ƙasa. Tsohon littafin Peugeot mai marar kauri irin na inji ya tanadar wa BA7, akwatunan Toyota kuwa man giya suke sha irin 75W-90. A makon farko a riƙa leƙa ƙarƙashin motar kowace safiya ko akwai ɗigo, a sake ɗaure notunan mazauni da na furofela bayan sawu biyu ko uku, kuma sawun gwaji a yi shi da rana, babu kaya, a hanyar da ke kusa da gari.

Tsohon akwatin da aka sauke kuma kada a yi gaggawar miƙa wa 'yan gwangwan a kan kuɗin kilo. Shi da bututunsa da sandarsa da 'yan ƙarafan giyar sitiyari a haɗa su wuri ɗaya, a cika shi da mai, a toshe bakinsa da leda, a ɗora a kan katako a ɗakin ajiya. Ranar da sabon ya ba da matsala ana tsakiyar kakar albasa ko ta wake, cikin yini ɗaya ko biyu makaniki zai mayar da tsohon motar ta koma hanya, muddin dai ba shi ne bututun da aka yanke ba. Saboda haka idan yanka ya zama dole, a sayo wani bututun daban a yanka, a bar na asalin yadda yake.